Filfilo mai igiya biyu: yadda ake yanke shi da ɗinka shi a gida

Iskar hunturu takan kaɗa daga arewa maso gabas, kuma takan kai mu har wajen watan Fabrairu. Lokacin ne yara kan haɗa leda da kara da zare su saki filfilo sama. Akwai wani irin filfilo daban da wanda muka saba gani: mai igiya biyu, wanda ake tuƙawa kamar doki. Ka ja dama ya yi dama, ka ja hagu ya yi hagu, ya yi ƙundumbala, ya zubo kamar shirwa ta hango ɗan tsako, sa'an nan ya sake tashi. Da Faransanci ana ce masa cerf-volant pilotable, ga mai son neman hotunansa a intanet.

Ba jiya aka fara shi ba. A yaƙin duniya na biyu, wani Ba'amurke mai suna Paul Garber ya ƙera mai igiya biyu domin sojan ruwa su koyi harbin jirgi da shi. A shekarun 1970 wani ɗan Ingila, Peter Powell, ya mai da shi abin wasa, ya bazu cikin duniya. A Faransa, garin Dieppe na shirya babban bikin filfilo tun 1980, haka ma Berck-sur-Mer a cikin watan Afrilu. Ƴan uwanmu mazauna can wataƙila sun taɓa gani.

To, da mi ake yin rigar, wato ƙyallen da ke kama iska? Turawa na amfani da wani siririn nailon mai saƙar gida-gida da ba ya yagewa da sauƙi, irin na jiragen ruwa masu tafiya da iska. A nan, abin da ya fi kusa da shi shi ne ƙyallen tsohuwar laima ko na tanti: ba nauyi, kuma iska ba ta ratsa shi. Atamfa da shadda a bar su ga sallah, sun yi nauyi kuma iska na bi ta cikinsu. Leda mai kauri tana tashi, amma ba ta jure faɗuwa, ga ta da miƙewa idan rana ta buge ta. Amfaninta ɗaya: a fara gwada awo da ita kafin a taɓa ƙyalle mai kyau.

Ga awon da ya dace da mai koyo. A samu babban kwali a zana rabin filfilon kawai. Layin tsakiya, wato ƙashin baya, santimetir 60. Kafaɗa, daga hanci zuwa ƙarshen fiffike, santimetir 100. Daga ƙarshen ƙashin baya zuwa ƙarshen fiffike a bar tazarar santimetir 82. Wannan gefe na ukun ba a yanke shi a miƙe, ana lanƙwasa shi ya shiga ciki da kamar santimetir 15 a ɓangaren da ke kusa da ƙashin baya. In aka bar shi a miƙe zai riƙa karkarwa, yana ƙara kamar tsohon moto, yana kuma rage gudu.

Wannan 82 ɗin akwai dalilinsa. Idan an sa sanduna, tazarar za ta koma wajen 77. Rarar santimetir 5 ɗin ita ke ba rigar ciki, ta yi kwari biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, inda iska ke bi. Kwarin nan su ke riƙe filfilo kan hanyarsa. Wanda aka ɗame sarai kamar faifai yakan zame gefe, ba ya jin linzami.

Inda aka fi samun matsala shi ne daidaita ɓangarorin biyu. Bambancin santimetir ɗaya tak ya isa ya sa filfilo ya riƙa karkata gefe guda, mai shi yana ta zargin iska. Saboda haka kwali ɗaya ake yanke duka biyun da shi, a kifa shi a yanke na biyu. A kuma duba yadda zaren saƙar ƙyallen ya kwanta: ƙyalle ba ya miƙewa sosai in an ja shi bisa tsawon zarensa, amma a karkace yana miƙewa ƙwarai. A kwantar da kwalin yadda zaren zai bi kafaɗa, a ɓangarorin biyu iri ɗaya. Ƙyallen laima gunduwa-gunduwa yake zuwa, dole sai an yi haɗi, to haɗin dama ya zama tagwayen na hagu. Yankan kuwa ya fi kyau da wuƙar da aka ɗumama a garwashi, bisa gilashi ko tayil, don zafin na narkar da bakin nailon ya hana shi warwarewa.

Daga nan sai wurin tela. A roƙe shi ya sa ɗinki mai faɗi, milimetir 3 zuwa 4 tsakanin huda da huda, in kekensa na yin zigzag ma ya fi. Ɗinki ƙanana-ƙanana, wanda shi ne abin yabo a babbar riga, a nan ɓarna ne: yana jera huji a nailon, ya yage ta wurin. Nailon na da santsi, don haka a fara manne haɗin da ɗan gam kafin allura ta hau. A kowace kafaɗa ana naɗe wani ƙyalle mai ƙarfi mai faɗin santimetir 6 ya zama aljihun da sanda za ta shiga. Hanci shi ke cin ƙasa kullum, a lulluɓe shi da guntun maratayin tsohuwar jaka. A kalmashe gefen baya, a zura siririn zare a ciki, wanda za a iya ɗamewa in ƙarar ta yi yawa.

Sanduna mafi kyau su ne na karbon masu kaurin milimetir 5 ko 6. Ba su da nauyi a kaya, ɗan uwa mai zuwa hutu daga Turai zai iya riƙo su tare da igiyar Dyneema. In babu, sandunan tsohon tanti ko gora da aka fere daidai za su yi, sai dai za su buƙaci iska mai ɗan ƙarfi. Karan dawa ba ya kai faɗuwa biyu. Ana buƙatar biyu na kafaɗa, ɗaya na ƙashin baya, da na gicciye. Na sama, mai tsawon wajen 34, yana zama santimetir 22 daga hanci. Na ƙasa guda biyu ne, kowane wajen 53, suna tashi daga santimetir 70 bisa kafaɗa su haɗu a ƙashin baya. Guntayen tiyo na roba su ne mahaɗa: a huda gefen tiyon a zura sandar kafaɗa, ta gicciye ta shiga bakinsa, bayan an yanke ɗan gurbi a aljihun. Sai ƴan tokara biyu sirara, santimetir 10 zuwa 12, da ke tura gefen bayan rigar nesa da sandar ƙasa. A yanke su da tsawo, a riƙa ragewa har rigar ta ɗame ba tare da sandar ta lanƙwashe ba.

Linzami zare uku ne a kowane gefe, daga mahaɗar sama, da ta ƙasa, da ta tsakiya, su haɗu a ƙulli ɗaya inda igiya za ta kama. A fara da 40, 40 da 45. Awon mafari ne kawai, a fili ake ƙarasa shi. In filfilo ya ƙi tashi, yana ja amma yana zaune, a matsar da ƙullin wajen hanci. In yana tashi da sauri amma ba ja, yana lilo, a mai da shi baya. Rabin santimetir ake matsarwa a kowane gwaji, kuma duka gefen biyu. Igiyoyin su zama metir 20 zuwa 25, tsawonsu ɗaya cif. Zaren kamun kifi na roba yana miƙewa, sai ka ja filfilo ya amsa a makare. A ɗaura wa kowace igiya madauki na ƙyalle, kada a naɗe ta a yatsa, tana yanka har jini.

Iyaye, a nan ne maganar ta shafe ku. Wannan filfilon in ya zubo yana iya wuce gudun moto, ga sanduna masu tsini, don haka kada yaro ko dabba su tsaya ƙarƙashinsa. A nemi fili ko gonar da aka girbe, nesa da titi, nesa da filin jirgi, nesa ƙwarai da wayoyin NIGELEC. Sandar karbon tana ɗaukar wuta, igiya mai laima ma haka. In ya maƙale a waya a sake shi nan take, kada kowa ya hau turke ko ya sa gora, a sanar da ma'aikatan wuta. Da damina, da an ga hadari ya haɗu, a naɗe.

Iskar da ke motsa ƙananan rassa ba tare da ta tada ƙura mai yawa ba ita ce daidai, kilometir 10 zuwa 25 a awa. Mai tuƙi ya ba iska baya, ya nisanci itatuwa da gidajen da ke bayansa, don suna dagula ta. Wani ya riƙe filfilon hanci sama, ya saki ya ja da baya. Igiyoyin za su murɗe bayan kowace ƙundumbala, amma suna ci gaba da aiki ko sun murɗe sau biyar. Warware su sai a juya filfilon ta ɗaya gefen, adadin da aka juya shi da farko.