Smith, Maƙeri da Bunkure: Wane Suna Za Ki Cike wa Ɗanki?

Uwargida, duk ranar da kika kai yaro makaranta, ko kika je karɓar takardar haihuwa, ko kika shiga layin katin ɗan ƙasa, akwai gurbi guda a saman fom da aka rubuta wa Surname. Ma'aikaci zai ɗago kai ya ce, "Hajiya, me za a sa?" Wata ta ce a sa sunan babansa, wata ta ce na kakansa, wata kuma ta ce a sa Bunkure, ai nan ne garinmu. Ko minti ɗaya ba a yi ba an wuce wurin. Amma abin da aka rubuta a wannan mintin shi zai bi yaron nan har jami'a, har banki, har fasfon aikin Hajji.

Wannan gurbi ba gadonmu ba ne, daga Ingila ya zo mana tare da boko. Don ki gane abin da Turawa suke nufi da shi, bari mu ɗauki sunan iyalin da ya fi kowanne yawa a wurinsu, wato Smith.

Ma'anar Smith ita ce maƙeri. Kalma ce ta tsohon Ingilishi, ana kiran duk mai sarrafa ƙarfe da ita. A da can mutumin Ingila suna ɗaya gare shi, in aka sami John biyu a ƙauye sai a ce John maƙeri da John na bakin rafi, kamar dai yadda muke yi. Laƙabin kuwa yana mutuwa da mai shi. Abin ya fara sauyawa bayan shekarar 1066, lokacin da Sarki William ya tsallako daga ƙasar Faransa ya ci Ingila da yaƙi. A 1086 ya sa aka bi ƙasar aka rubuta filaye da masu su da abin da za su biya. Masu ƙasa su suka fara riƙe suna ɗaya daga uba zuwa ɗa, saboda gado. Talakawa suka biyo baya a hankali, haraji yana tura su, musamman kuɗin kai da aka karɓa tsakanin 1377 da 1381. Zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun sami sunan da ake gada, a 1538 kuma aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza a littafi. Daga nan suna ya daskare. Jikan maƙeri ko bai taɓa riƙe guduma ba, Smith ne shi da 'ya'yansa.

Dalilin yawan sunan ba boyayye ba ne. Babu ƙauyen da zai zauna ba maƙeri, don shi ke ƙera garma da lauje da takalmin doki da takobi. Saboda haka dubban gidajen da ba su haɗa komai ba suka tashi da suna ɗaya. Yau masu amsa Smith a Birtaniya sun haura rabin miliyan, a Amurka kuwa ƙidayar 2010 ta samu sama da mutum miliyan 2.4. Na Amurka ya ƙaru da Jamusawan da suka yi ƙaura suka mai da Schmidt ɗinsu Smith, da kuma bayin da aka kwasa daga Afirka waɗanda suka tashi da sunan iyayen gijinsu. Ba Turawan Ingila kaɗai ba: Ferrari na Italiya maƙeri ne, Kowalski na Folan maƙeri ne, Haddad na Larabawa ma haka.

In kika duba sauran sunayensu sai ki yi dariya, don duk kin san su. Taylor tela ne, daga nan ma muka ari kalmar. Carpenter kafinta, Butcher mahauci, Barber wanzami, Weaver masaƙi, Tanner majemi. Dyer kuwa marini ne, kin ga da a Ingila garin Kura yake, garin da ya yi suna da rini har Buzaye suka san rawaninsa da ɗan Kura, da unguwanni guda duk Dyer ake ce musu. Johnson ɗan John ne. Brown laƙabi ne na launi, irin su Jatau da Baƙi a wurinmu. Lincoln da Washington sunayen garuruwa ne a Ingila. Sana'a, uba, laƙabi, gari: ƙofofin da sunansu ya shigo ta ciki su ne namu ma.

Mu ma nan Arewa mun ga Smith iri-iri. Akwai Gwamna Sharwood-Smith na shekarun 1950, wanda Hausawa ba su wahalar da bakinsu ba suka ce masa Mai Wandon Ƙarfe. Ba su san jikan maƙera suka raɗa wa sunan ƙarfe ba. Akwai Mary Smith, wadda ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau ta rubuta tarihin rayuwarta, littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo. Ki lura da sunayen matan nan biyu: Baturiyar tana ɗauke da sunan gidan mijinta, Bahaushiyar kuwa da sunanta da na garinsu aka san ta. Sai kuma Farfesa Abdullahi Smith, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya jagoranci kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Ya musulunta a 1967, ya ajiye sunayensa na farko ya ɗauki Abdullahi, amma bai taɓa sunan gidan ubansa ba har ya rasu a 1984.

To, mu fa? Tsarinmu na asali shi ne sunan yanka, sai sunan uba: wane ɗan wane, wance 'yar wane. Kowane ƙarni sunan na biyu yana sauyawa, don uban kowa daban. Da aka buɗe makarantun boko, tun daga ta Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai rajista ta cika da Muhammadu da Abubakar, malamai suka riƙa bambanta yara da garuruwansu. Shi ya sa manyanmu da yawa da sunan gari duniya ta san su: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, Abubakar Rimi. Kwankwaso gari ne a Madobi, maƙwabtan Kura. Ganduje ƙauye ne a Dawakin Tofa. 'Yar'aduwa unguwa ce a Katsina, ga shi ta zama sunan zuriya daga Musa zuwa Shehu da Umaru. Wasu kuma sarautar gidansu suka ɗauka, su Ciroma da Waziri da Galadima da Wali. Abin mamaki, sana'a ce ba mu cika gada a suna ba. Za ki ji Tela ko Kafinta nan da can, amma da wuya ɗan Sarkin Fawa ya rubuta Mahauci a takardar digirinsa, kuma kin san dalili: akwai sana'o'in da muke ci daga gare su kullum amma muke yi musu kallon raini.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Dantata. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, wata tsohuwa da ake kira Tata ta riƙe shi, aka riƙa ce masa ɗan Tata. Ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, kuma har yau sunan wannan baiwar Allah mai raino ne a kan ɗaya daga cikin manyan gidajen Kano.

Yanzu mu dawo gida. Bunkure a matsayin suna ya shiga duniya. A 2023 aka naɗa Dakta Mariya Mahmoud Bunkure ƙaramar ministar Abuja. Ba laifi mutum ya yi alfahari da garinsu. Sai dai ki sani, Bunkure kamar Smith yake, ba ya nuna jini. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar sama da mutum dubu 170, kuma ɗan Gafan ko Barkum ko Gurjiya ko Kumurya in ya je Legas cewa zai yi shi ɗan Bunkure ne. Ƙari a kan haka, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kwalbatoci zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, mutane suke tahowa daga nesa don noman shinkafa da tumatir da alkama, wasu suka yi aure suka zauna, 'ya'yansu ma 'yan Bunkure ne. Don haka in kika cike wa yaro Usman Bunkure kawai, kin faɗi inda ya fito amma ba ki faɗi ɗan waye ba, kuma Allah kaɗai Ya san Usman nawa ne ke da wannan suna.

A da wannan bai dami kowa ba, don mai unguwa ya san kowa. Yanzu kwamfuta ce mai shaida, ita kuwa ba ta san kara ba. An shigo da lambar BVN ta banki a 2014, a ƙarshen 2020 aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN, daga 2021 kuma hukumar JAMB ta ce ba rajista sai da NIN. Yarinyar da take Amina Sani a takardar firamare, Amina Sani Bunkure a sakamakon NECO, Amina Bunkure Sani a katin ɗan ƙasa, a idon na'ura mutum uku ce. Gyaran kuwa sai an je kotu an yi rantsuwa, wani lokaci a buga a jarida, a biya kuɗi, a yi ta zirga-zirga zuwa Kano, wani zubin har shekarar karatu ta wuce. Abin da haraji ya yi wa Turawa shekara 600 da suka wuce, shi na'ura take yi mana yau, kuma sau da yawa ke ce a tsaye a wurin lokacin da ake rubutawa.

Akwai ramuka biyu da mu mata muka fi faɗawa. Na farko alkunya. Ba kya faɗin sunan ɗan fari, ba kya faɗin sunan maigida, in yaron sunan surukinki ya ci to sai dai Abba ko Baffa ko Khalifa. Alkunya ado ce, ba mai cewa ki bari. Amma a gaban mai rajista sai ta sa ki yi shiru, ko ki tura yaro shi kaɗai ya faɗi sunan da ake kiransa a tsakar gida, a wayi gari Ummi ce a rajista alhali Khadija liman ya raɗa. Maganin mai sauƙi ne: ki sa a rubuta miki cikakken sunan a takarda tun daga gida, ki miƙa ba sai kin furta ba.

Rami na biyu riƙo ne. An ba ki ɗan ƙanwarki ko 'yar ƙanin maigida, don kada yaro ya ji bambanci sai a cike masa sunan maigidanki. Niyyar mai kyau ce, amma addini ya yi magana a nan. Zaidu ɗan Harisa an daɗe ana danganta shi ga Manzon Allah (SAW), har aya ta 5 cikin Suratul Ahzab ta sauka da umarnin a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu maza. Ranar rabon gado ko ranar da maganar aure ta taso tsakanin yaran gida, takardar nan za ta iya zama abin rigima. Ko Dantata laƙabi ne mutane suka ba shi, kowa ya san Abdullahi ne mahaifinsa.

Saura naki sunan, 'yar uwa. Al'adar amarya ta ajiye sunan mahaifinta ta ɗauki na miji ita ma daga Ingila ta zo, kuma tana da tushe a tsohuwar dokarsu: mace in ta yi aure, ita da dukiyarta sun shige ƙarƙashin miji, sai da dokokin 1870 da 1882 suka ba ta ikon mallakar abinta. Musulunci ya ba mace wannan haƙƙi sama da shekara 1,200 kafin nan. Nana A'isha 'yar Abubakar ce har ta koma ga Allah, Nana Asma'u kuma 'yar Shehu ake ce mata duk da mijinta Giɗaɗo shi ne Wazirin Sakkwato. Malamai da yawa sun hana sauya sunan, wasu sun ce in don shaida ne kawai ba laifi. Wannan ki tambayi malamin da kika amince da shi. Ni dai ta fuskar takardu nake duba miki. Aure rai gare shi, mutuwa ma tana raba, ga kishiyoyi biyu kowacce Hauwa a gida ɗaya, duk da sunan miji ɗaya a banki. Mai sana'ar turara shinkafa da ta buɗe asusu da sunan miji, katinta na ɗan ƙasa kuma da sunan mahaifi, ranar da rance ko tallafin ƙungiya ya fito ita za a ce ta koma ta gyaro. Sunan mahaifinki kuwa ba abin da ke sauya shi.

Ku zauna da maigida ku yanke tsari ɗaya ga duk yaran gidan. Wanda na ga ya fi sauƙi shi ne sunan yanka, sai sunan mahaifi, sannan na kaka ko na gari a gurbin Surname. In kuma gurbi biyu ne kawai, sunan mahaifi ya shiga. Ku zaɓi rubutu ɗaya, ko Muhammad ko Mohammed, kada a gutsure shi zuwa Moh'd. Ki fara da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, duk sauran su kwafo daga gare ta. Wadda kuma yaranta suka riga suka yi nisa, ta fito da takardunsu daga ƙasan adaka ta jera su a kan tabarma, ta sa mai karatu ya gwada su harafi da harafi, tun kafin yaro ya kai aji shida na sakandare a buɗe rajistar WAEC da NECO.