Bambeye: gona ba ta zama filin gini da takardar maigari kaɗai

'Yan bida da yawa daga Abijan da Libiya kan aiko kuɗi a saya masu gona a bakin birnin Tahoua ko cikin komin ɗin Bambeye, da burin gina gida. Sai dai takardar ciniki da maigari ya shaida, ta gona ce kawai. Dokar karkara ta 1993 ta ɗora tantance gonaki kan kwamitocin filaye, wato Cofo. Mai son gona ta koma unguwa sai ya kai buƙata ma'aikatar magajin gari, a yi lotisma, hukumar tsara birane ta amince. In kuwa filin ya ci burtali, dokar kiwo ta 2010 ta haramta mallakarsa, ko nawa aka biya.