YARJEJENIYAR CINIKI DA DOKOKIN GIDA: DARASIN DA KANO ZA TA ƊAUKA DAGA TSIBIRIN MORISHAS

A ran 7 ga watan Yuli na 2019, a birnin Yamai, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a madadin Nijeriya kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda ƙasashe 44 suka fara rattaba wa hannu a Kigali cikin watan Maris na 2018. Bayan mako shida kacal, sai Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a sake buɗe na Illela da Maigatari da Seme ba sai a watan Disamba na 2020. Watau da hannun dama an buɗe ƙofa, da na hagu an danna mata sakata. Wannan al'amari kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu cewa tsakanin alkawarin da ƙasa ta ɗauka a waje da abin da dokokinta suke aikatawa a gida akwai tafiya mai nisa.

Mai yiwuwa ne mazaunin Ƙauyen Alu ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya ce ina ruwansa da maganar da ake yi a Yamai ko a Janiba. To, ruwansa na nan tsundum. Atamfar da telan unguwa yake yankawa, da shaddar da uwargida take sayowa a Kantin Kwari, da kayan da ake shimfiɗawa kowace shekara a filin baje koli na titin Gidan Zoo, dukkansu akwai wata doka da ta yanke kuɗin fiton da aka biya kafin su iso. Dattawan waɗannan unguwanni kuwa da yawa sun ga zamanin da motocin masaƙu suke kwasar ma'aikata da asuba zuwa Sharaɗa da Bompai da Challawa, sun kuma ga lokacin da motocin suka daina zuwa.

ABIN DA TSARIN MULKI YA CE

Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999, kamar takwaransa na 1979, ya bayyana cewa babu wata yarjejeniya tsakanin Tarayya da wata ƙasa da za ta zama doka a Nijeriya sai gwargwadon abin da Majalisar Dokoki ta Tarayya ta zartar. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan ƙa'ida a shari'ar Abacha da Fawehinmi a shekarar 2000. Ma'anar haka ita ce, ɗan kasuwar da ma'aikacin kwastan ya tsare wa kaya a Maigatari ba zai je gaban alƙali da takardar Kigali ya ci nasara ba, sai in akwai dokar gida ko sanarwar gazet da ta ɗauki abin da ke cikin takardar. Har ila yau sashen ya ce idan dokar ta taɓa abin da ba ya cikin jerin ikon Tarayya ita kaɗai, sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince kafin ta kankama. Saboda haka ma'aikatan jihohi ma suna da nasu kason a wannan aiki.

Daidaita dokoki da yarjejeniya kuwa aiki biyu ne. Na farko shi ne cika alkawari, watau rage kuɗin fito, da sauƙaƙa aikin kwastan, da yi wa kayan baƙo adalci. Na biyu shi ne tanadin garkuwa, gama kowace yarjejeniyar ciniki tana barin wasu hanyoyi da ƙasa za ta bi ta kāre masana'antunta, muddin ta kafa dokar da za ta bi da su. Ƙasar da ta yi na farko ta manta da na biyu, ta shiga kokawa ba ɗamara.

ƘARAMIN TSIBIRI MAI DOGON TUNANI

Morishas tsibiri ne a Tekun Indiya, gabas da Madagaska. Faɗin ƙasarta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na Jihar Kano ba, jama'arta kuwa miliyan ɗaya da 'yan kai, ba su kai na birnin Kano da kewaye ba. Sa'ad da ta sami mulkin kai daga Ingila a 1968, a ƙarƙashin Firayim Minista Seewoosagur Ramgoolam, sukari ne kusan dukan abin da take sayarwa waje, fiye da kashi 90 cikin ɗari. Tun a 1961 wani shahararren masanin tattalin arziki na Ingila, James Meade, ya duba halinta ya nuna tsoron cewa yawan jama'a da dogaro ga rake za su jefa ta cikin wahala.

Abin da shugabanninta suka yi shi ne, a 1970 suka zartar da dokar da ta ba masana'antu masu sarrafa kaya don sayarwa waje damar shigo da injuna da zare ba tare da biyan kuɗin fito ba. Da aka ƙulla Yarjejeniyar Lome a 1975, wadda ta buɗe kasuwar Turai ga kayan ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, sai ta tarar da Morishas a shirye. Masu masaƙu na Hong Kong, waɗanda aka ƙayyade wa yawan tufafin da za su kai Turai da Amurka, suka kwaso jarinsu zuwa tsibirin. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ƙasar da ba ta kiwon tumakin ulu ta shiga sahun manyan masu sayar da rigunan ulu a duniya.

Abin lura a nan shi ne, Nijeriya ma ta sa hannu a wannan Yarjejeniya ta Lome, har ma tana cikin jagororin da suka yi cinikinta da Turawa. Ƙofa ɗaya aka buɗe wa ƙasashen biyu. Amma dokar kafa yankunan sarrafa kaya don sayarwa waje, wadda a ƙarƙashinta aka samar da yankin Fanisau a nan Kano, ba ta zo ba sai a 1992, shekara 22 bayan ta Morishas. Haka kuma da Amurka ta yi dokarta ta 2000 mai ba tufafin Afirka damar shiga kasuwarta ba fito, bisa sharaɗin kowace ƙasa ta kafa tsarin tabbatar da asalin kaya, Morishas da Kenya suka cika sharaɗin tun farkon 2001. Nijeriya sai a 2004.

Ba a ce tsibirin bai sha wuya ba. A ran 1 ga Janairu na 2005 tsarin ƙayyade tufafi na duniya ya ƙare, kayan Sin suka malalo kasuwanni, masaƙu da dama a Morishas suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. A daidai lokacin kuma Tarayyar Turai ta zabge farashin da take sayen sukari da kashi 36 cikin ɗari. Amma da yake ranar ƙarewar tsarin an san ta tun shekara goma baya, ba ta zo musu ba zato. A 2006 suka sake fasalin haraji da dokar rajistar kasuwanci, a 2010 kuma suka zartar da dokar hana jibge kaya irin wadda Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta yarda da ita. Maƙwabtansu na tsibiran Seshel, waɗanda jama'arsu ba ta wuce kimanin dubu ɗari ba, sun nemi shiga wannan ƙungiya a 1995, amma ba su shiga ba sai a 2015, bayan sun shafe shekara ashirin suna ciniki kan sharuɗɗa suna gyara dokokinsu ɗaya bayan ɗaya.

YADDA AKA YI DA MASAƘUNMU

Kano ba baƙuwa ba ce a cinikin tufafi. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo birnin a 1851, ya ba da labarin yadda ake kai saƙi da rinin Kano har Tambutu da Gat da Tarabulus. A zamanin injuna kuwa, tun daga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, sana'ar ta bunƙasa har ƙididdigar da aka fi ambata ta nuna masaƙu kimanin 175 a faɗin ƙasa cikin shekarun 1980, da Kano da Kaduna a sahun gaba.

Nijeriya na cikin ƙasashen da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da su a ran 1 ga Janairu na 1995. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Adalci ne a faɗi cewa ba wannan kaɗai ya kashe masaƙu ba. Rushe hukumar sayen auduga a 1986 ya raunana noman auduga, faɗuwar darajar Naira ta tsauwala kuɗin kayan gyaran injuna, ga kuma ƙarancin wutar lantarki da baƙin mai. Amma majinyaci ne aka fitar cikin hunturu ba mayafi, alhali yarjejeniyar da kanta ta tanadi mayafin.

Ga yadda mayafin yake. Idan wata ƙasa tana sayar da kaya a kasuwarka da farashin da bai kai na kasuwarta ba, ko gwamnatinta tana tallafa wa kayan, ko kuwa kayan sun yi ambaliya har suna neman karya masana'antar gida, ƙa'idodin ƙungiyar sun yarda ka ɗora ƙarin kuɗin fito. Sharaɗin shi ne a sami hukuma a gida da za ta karɓi ƙara, ta yi bincike a fili, ta saurari kowane ɓangare, ta tabbatar da ɓarnar da alƙaluma. Dokar da Nijeriya take da ita kan jibge kaya kuwa ta 1958 ce, ta zamanin Turawan mulki, kuma ita ce dai a littafi har ranar da aka sa hannu a Yamai. Da babu wannan hanya, sai gwamnatoci suka riƙa komawa ga haramci: a farkon shekarun 2000 aka sake hana shigo da wasu nau'o'in yadi, a 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da shi canjin kuɗi, kana aka janye hanin a 2023. Haramci kuwa kasuwa ce ga 'yan fasa-ƙwauri. Yadin da aka hana sauka a Ikko sai ya sauka a Kwatano, ya hau ta Jamhuriyar Nijar, ya shigo ta ɓarauniyar hanya, baitulmali bai sami ko anini ba, masaƙa kuma ba ta tsira ba. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007.

Haka zancen yake game da zane. An sha kwaikwayon zanen atamfofin gida a buga su a waje da araha, alhali dokar alamun kasuwanci ta 1965 ce, ta kāre zane da ƙirƙira kuwa ta 1970.

ABIN DA KE GABANMU

Yarjejeniyar Afirka ta tanadi a soke kuɗin fito sannu a hankali kan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya, a jinkirta kashi 7 masu haɗari ga masana'antun gida, a keɓe kashi 3. An sami ci gaba a 'yan shekarun nan. Dokar kwastan ta 2023 ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun kafin mulkin kai. An buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu ta Dala a Zawaciki cikin Janairu na 2023. Kayan Nijeriya na farko a ƙarƙashin yarjejeniyar sun tashi daga Ikko a watan Yuli na 2024, kuma a Afrilu na 2025 aka buga jadawalin rage kuɗin fito a gazet. Sai dai Morishas tana cikin ƙasashe takwas da suka fara gwajin cinikin tun Oktoba na 2022. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairu na 2025 kuwa ta daɗa wa wannan yarjejeniya muhimmanci ga Kanawa, domin Maraɗi da Damagaram tsofaffin abokan cinikinmu ne.

Babban abin da za a sa wa ido shi ne ƙa'idar asalin kaya. Idan aka yarda yadin da aka saƙa a Asiya ya zama na Afirka don kawai an yanka shi an ɗinka a wata ƙasa maƙwabciya, to, manomin auduga na Funtuwa da marinin Ƙofar Mata ba su ga komai ba. Shi ya sa ƙa'idar tufafi ta kasance cikin waɗanda aka fi daɗewa ana ja-in-ja a kansu. Wajibi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu na Kano su riƙa kai wa wakilanmu hujjoji da alƙaluma tun ana kan teburin ciniki, gama tun ran gini ran zane.

Jiha ma tana da abin yi. Dokar ƙasa ta 1978 ta ɗora filaye a hannun Gwamna, saboda haka saurin ba mai masana'anta takardar fili aikin ma'aikatan jiha ne. Kasuwanni da yawan rasit-rasit da shingayen karɓar kuɗi a kan hanya, waɗanda sukan cinye ribar da rage kuɗin fito ya kawo, suna hannun jiha da ƙananan hukumomi. Ɗalibanmu na shari'a da na tattalin arziki a Jami'ar Bayero da sauran makarantu kuwa, ya kamata su sani cewa binciken jibge kaya da tantance asalin kaya fannoni ne masu neman ƙwararru, kuma ƙasar da ba ta da nata sai ta yi hayar na wasu da tsada.

Morishas ba ta fi mu ƙasa ba, ba ta fi mu jama'a ba, ba ta kuma fi mu tarihin ciniki ba. Abin da ta riga mu shi ne karanta takarda da kyau, da gyara dokar gida kafin ranar ta zo. Wa'adin rage kuɗin fito ya riga ya fara ƙidaya, kuma kowace shekara shingen yana daɗa yin ƙasa. Muna kira ga wakilan Kano a Majalisar Tarayya, da Majalisar Dokokin Jiha, da ma'aikatun ciniki da shari'a, su ɗauki wannan aiki tun yanzu, domin 'ya'yan waɗanda suka rasa aikin masaƙa jiya su sami abin da za su kai kasuwar Afirka gobe.