Baƙin tabon da ba ya ciwo: abin da na koya game da sankarar Kaposi

Yau maganar lafiya na kawo mana, kuma dalilinta wani maƙwabcina ne a Agege, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ya yarje mini in ba da labarinsa, amma ban da suna.

Wata rana bayan la'asar ya ja ni gefe, ya ɗage ƙafar wandonsa ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan abin." Na ga wasu tabbai baƙaƙe a idon sawunsa, kamar zoɓo ya zuba ya bushe, ƙafar kuma ta ɗan kumbura. Ya ce wata huɗu ke nan, ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Ya shafa man kemis iri-iri, ya sha saiwoyi, har wani ya ce masa jifa ce daga abokan kasuwa. Shirinsa shi ne ya tattara ya koma gida a nema masa magani. Da ƙyar na shawo kansa muka je asibiti. Aka gwada jininsa, aka kuma yanki ɗan ƙanƙanin nama daga tabon aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, tabon kuma ciwon daji ne da likitoci ke kira sankarar Kaposi.

Mene ne wannan ciwo? Sankara ce da ke tasowa daga bangon ƙananan jijiyoyin jini da na ruwan jiki, shi ya sa launinta ke kama da kwantaccen jini. Sunan ya samo asali ne daga Moritz Kaposi, likitan fata ɗan ƙasar Hangari, wanda ya fara bayyana ta a birnin Biyana a 1872. A 1981 likitoci a Amurka suka fara ganinta a jikin samari, abin da ya taimaka aka gano cutar ƙanjamau. Sai a 1994 masana biyu, Yuan Chang da Patrick Moore, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa ta, wadda aka sa wa suna HHV-8.

Wannan ƙwayar galibi ta miyau take yaɗuwa, kuma mutane da yawa a Afirka suna ɗauke da ita tun suna yara, har su tsufa ba ta yi musu komai ba. Garkuwar jiki ce ke danne ta. In garkuwar ta yi rauni, sai ta samu sarari, kamar yadda Hausawa ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka ga ke nan ita sankarar kanta ba a ɗaukarta ta musabaha ko zama wuri ɗaya, don haka babu dalilin gudun mai ita.

Babban abin da ke tsaga wannan bango a ƙasarmu shi ne HIV da ba a shan maganinta. Binciken da gwamnati ta gudanar a 2018 ya ƙiyasta kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Najeriya. Amma a kiyaye zargi, domin ba duk mai wannan tabo ne mai HIV ba. Wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin da ke rage ƙarfin garkuwa, shi ma tana iya fito masa. Akwai irin da ke kama tsofaffin maza a ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum, akwai kuma irin da aka sani a Yuganda da Kwango tun kafin bayyanar ƙanjamau.

Yaya ake gane ta? A farar fata tabon ja ne ko shunayya, amma a tamu fatar yakan yi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, shi ya sa ake raina shi. Yakan fara a shafe, daga baya ya tashi ya zama ƙulli. Ya fi fitowa a ƙafa, fuska, hanci, da cikin baki, musamman ganɗa da dasashi. Ƙafa ko fuska na iya kumbura. In ya shiga huhu, sai tari da haki, wani lokaci har da jini. In hanji ne, ciwon ciki ko jini a bayan gida. A nan ne ciwon ke kai mutum kushewa.

Akwai magani, alhamdulillahi. Ga mai HIV, tushen maganin shi ne ƙwayoyin da ke danne cutar, waɗanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati. In an kama abin da wuri, garkuwa na farfaɗowa tabon ya riƙa dusashewa. In ya yaɗu, sai an haɗa da allurar sankara, kuma wannan kam tana cin kuɗi. Jinkiri ne ke mai da maganin kyauta ya koma na sayar da gona. Wani abin kuma, a guji haɗe-haɗen kemis, domin magunguna irin su prednisolone da dexamethasone suna ƙara raunana garkuwa, ciwon ya daɗa bazuwa.

Mu mazauna Kudu muna da wata ɗabi'a: ciwo na tsananta, sai a ce a sa shi mota a kai shi gida. Alhali ga asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, a tsakiyar jama'armu, ga UCH a Ibadan ba nisa da Sabo, ga na Fatakwal da Benin. Wanda kuma ya riga ya fara shan magani, in zai je gida noma ko sallah, ya gaya wa asibitinsa su ba shi na watanni ko takardar canjin wuri. Tsayar da magani shi ne buɗe wa ciwon ƙofa. Mai tsoron tonon silili ya sani cewa dokar 2014 ta haramta nuna wa mai HIV wariya a wurin aiki ko asibiti.

Abin da ya fi yi wa maƙwabcina nauyi shi ne gaya wa iyalinsa da ke Arewa. Ya ce, "Malam, da wane baki zan fara?" Na ce masa haƙƙinta ne, kuma in tana da ciki ko goyo, magani na kare jaririn. Ya daure ya yi, ita ma ta je gwaji. Yanzu ya koma kasuwa, kumburin ya saɓe, tabon na ta raguwa.

Don haka ɗan'uwa, in ka ga baƙin tabo ko ƙulli ya kwashe makonni bai tafi ba, a jikinka ko na abokin kwananka, ku je asibiti a duba, a kuma gwada jini. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu baki ɗaya.