Jagoran Sa Kai: Mai Riƙe Hannun Sabon Marubuci

A farkon kowace shekarar karatu sababbin ɗalibai sukan cika ƙungiyarmu ta 'yan jarida, amma kafin zango ya ƙare sai mu ga sun ragu. Wani ya kawo rubutu ba a liƙa ba, kuma ba a gaya masa dalili ba. Wata an liƙa nata, aka yi mata dariya saboda kuskure, ta ajiye biro. Abin da suka rasa shi ne jagora. Shi ya sa a wannan mako za mu yi bayani a kan jagoran sa kai da irin aikinsa.

Wane ne jagoran sa kai? Shi ne wanda ya riga ka fara rubutu, ya yarda ya riƙa karanta naka yana nuna maka gyara, ba tare da an biya shi ko sisi ba. Ba dole ne ya zama malami ba. Ɗalibin babbar sakandare da ya daɗe a ƙungiya zai iya zama jagoran ɗan aji ɗaya.

Manyan marubutanmu ma sai da aka duba musu aiki. A 1933 aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, na Hukumar Fassara da ke Zariya. Daga gasar aka samu littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam bai wuce shekara 22 ba a lokacin. A 1936 ya je Zariya ya yi aiki tare da East, ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 kuma ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. East aikin gwamnati yake yi, amma daga baya marubuta sun ɗauki wannan nauyi da kansu. Chinua Achebe ya jagoranci kafa Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1981. A Kano kuma marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun haɗu a ƙungiyar Raina Kama, inda suka riƙa tallafa wa juna wajen fitar da littattafai.

To, me jagora yake yi idan an kawo masa rubutu?

Na farko, yana karantawa har ƙarshe kafin ya ɗora jan biro. Sai ya fara faɗin abin da ya yi kyau, don mai rubutun ya san abin da zai riƙe.

Na biyu, yana duba ko labarin ya amsa tambayoyin ɗan jarida: wa, me, ina, yaushe, me ya sa, da kuma ta yaya. Idan an rubuta labarin wasan ƙwallo ba a faɗi ranar da aka buga ko wanda ya ci ba, labarin bai cika ba.

Na uku, yana koyar da ƙa'idojin rubutu. Lanƙwasa ɗaya tana sauya ma'ana: kafa daban, ƙafa daban. Haka ma raba kalmomi. "An ba ta littafi" yana nufin ta samu littafi, "an ɓata littafi" kuwa yana nufin an lalata shi. Wanda ya rubuta "an bata littafi" ya bar mai karatu cikin ruɗani.

Na huɗu, yana tambaya: "A ina ka ji wannan?" Jita-jita ba labari ba ce. Idan muka liƙa ƙarya a kan wani ɗalibi, duk makaranta za ta karanta kafin a cire.

Akwai kuma abin da jagora ba ya yi. Ba ya sake rubuta aikin da kansa, domin idan ya yi haka rubutun ya zama nasa, ƙanen kuma bai koyi komai ba. Ba ya yin gyara a gaban jama'a don a yi dariya. Ba ya neman a saya masa wani abu ko a yi masa shara a madadin taimako.

Sabon marubuci shi ma yana da nasa aikin. Ya kawo rubutu da wuri, ya saurara, ya sake rubutawa ko da sau uku ne. Kada ya yi fushi, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Muna roƙon yayyenmu na babbar sakandare kowa ya ɗauki ƙane ko ƙanwa ɗaya, ya ba su minti goma sha biyar a mako lokacin tara. Muna kuma roƙon malaminmu mai kula da ƙungiya ya haɗa sunayen, maza da maza, mata da mata. Yayyenmu za su gama su tafi. Idan ba su koya mana ba, wa zai riƙe wannan allo bayansu? Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.