Masu sauraron duwatsu a gindin rafi

Kogin da ya gangaro daga tsauni kaya iri biyu yake tafe da su. Akwai laka da yashi mai laushi da ke yawo cikin ruwa, akwai kuma tsakuwa da manyan duwatsu da ke mirginawa a ƙasa. Auna na farko ba wuya: a ɗebi ruwa a kwalba, a tace, a busar, a ɗora a sikeli. Na biyun ne ke ba masana wahala, domin duwatsu ba sa motsi sai ruwa ya yi ƙarfi. Galibin abin da rafi zai kwashe a shekara yakan wuce ne cikin 'yan kwanakin ambaliya, lokacin da babu mai hankalin da zai tsoma ƙafa.

An daɗe ana fama. Hans Albert Einstein, ɗan shahararren masanin nan, ya fitar da lissafinsa na tafiyar tsakuwa a 1950. A 1971 Helley da Smith a Amurka suka fito da wani bututun ƙarfe mai jakar raga da ake saukarwa gindin ruwa ya tare abin da ya zo. Yana aiki, amma a rafi mai gangara da manyan duwatsu, ɗan abin da ya shige bakinsa kawai yake kamawa.

Dabarar da ta fi burge ni tana rafin Erlenbach a Suwizalan, wanda yankin da ke zuba masa ruwa bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba. Tun 1986 cibiyar bincike ta WSL take sauraronsa. An shimfiɗa farantan ƙarfe a gindin rafin, ƙarƙashinsu akwai na'urar jin girgiza. Duk dutsen da ya bugi faranti, kwamfuta ta rubuta, dare ko rana. Sai dai ƙara ba nauyi ba ce, kuma yashi yakan wuce ba a ji shi ba. Shi ya sa aka kafa kwandunan ƙarfe masu shiga ruwa da kansu su tara tsakuwa, a auna, a gwada da yawan bugun.

Injiniyan da ya raina awon kayan da kogi ke ɗauka, ko da laka ce, yakan ji jiki. An kammala madatsar Sanmenxia a kan Rawayen Kogi na Sin a 1960. Cikin 'yan shekaru laka ta cinye babban ɓangaren tafkinta, dole aka sake fasalin ginin don ruwa ya riƙa fitar da ita.