Kiristocin Nijar da Mai Cetonsu: zumuncin da wuta da garkuwa ba su yanke ba

A daren 17 ga watan Satumba na 2018, wasu ƴan bindiga suka dira garin Bomoanga, a jahar Tilaberi kusa da iyakar Burkina Faso, suka yi awon gaba da limamin cocin Katolika ɗan ƙasar Italiya, Pierluigi Maccalli. Sai a watan Oktoba na 2020 aka sako shi a ƙasar Mali. Sama da shekaru biyu ya yi a hamada, ba majami'a, ba Littafi Mai Tsarki, wani lokaci ma da sarƙa a ƙafa.

Bayan sakinsa ya ba da labarin yadda ya ƙulla wa kansa carbi yana addu'a da shi kullum, da yadda akwai ranakun da ya ji kamar Allah ya yi shiru. Ya kuma bayyana cewa ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Tambayar da labarin ya bari ita ce: mutumin da aka raba da komai na ibadarsa, da wa yake zance?

Amsar Kirista ita ce: da Yesu Almasihu, wanda suke kira Mai Ceto.

Zumunci a ƙafa yake

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Shi ya sa matashi kan girma a Maraɗi ko Tawa tare da abokin lakwal Kirista, su sha shayi a fada ɗaya shekara da shekaru, bai taɓa sanin abin da ke cikin zuciyar imanin abokin ba.

Musulmi sun san Annabi Isa ɗan Maryamu, Alaihis Salam, suna girmama shi a matsayin Manzon Allah, kuma Musulunci bai yarda an gicciye shi ba. A nan hanyoyin biyu suka rabu. Kirista ya gaskata cewa Yesu ya mutu a kan gicciye saboda zunuban mutane, ya tashi a rana ta uku, kuma yana raye har yau. Tunda a wurinsa rayayye ne, to ana iya yi masa magana, ana iya sauraronsa.

Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, kuma haka Kiristoci suke fahimtar wannan alaƙa: kowane ɓangare na takawa. A koyarwarsu Mai Ceton ne ya fara takowa, da gafara da alkawarin ba zai yar da nasa ba. Shi kuma mai bi ya mayar da tuba, da biyayya, da ƙaunar maƙwabci. Bisharar Yohanna, sura ta 10, ta kwatanta abin da makiyayi da tumakinsa: ya san kowace da sunanta, su kuma sun san muryarsa. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatani ya kira garkensa a bakin rijiya ba ya buƙatar dogon bayani. A sura ta 15 kuma Yesu ya kira almajiransa abokai.

Yadda ake rayar da ita

Kiristoci masu magana da Hausa sukan kira kansu masu bi. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, abin da ya ba manomi ko ƴar kasuwa damar karantawa da yin addu'a da harshen da suka sha a nono.

A majami'un bishara, irin su EERN wadda ta samo tushe daga aikin mishan SIM da ta iso Damagaram a 1924, ana nanata cewa haihuwa a gidan Kirista ba ta isa ba. Sai mutum ya karɓi Yesu da bakinsa da zuciyarsa kafin a yi masa baftisma. Ƴan Katolika kuwa sun fi jaddada haɗuwa da shi a cikin Jibin Ubangiji da kuma furta zunubi. Hanyoyin sun bambanta, amma wanda ake nema ɗaya ne.

Alaƙar ba ta tsaya a cikin ɗakin ibada ba. Kiristoci sun yi imani cewa hidima ga marar lafiya hidima ce ga Yesu kansa. Daga nan asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, ya samo asali, haka ma asibitin Danja kusa da Maraɗi da ya shahara wajen kula da masu cutar kuturta. Galibin masu zuwa neman magani a waɗannan wurare Musulmi ne.

Ranar gwaji

A ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, zanga-zangar adawa da zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe zuwa tarzoma a Damagaram da Yamai. Aƙalla mutane 10 suka rasa rayukansu, aka ƙone majami'u da dama. Akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, kuma malamai da yawa sun yi tir da abin da ya faru.

Abin da shugabannin coci suka yi wa mabiyansu kira a kai shi ne yafiya. Dalilinsu na cikin wannan zumunci: wanda ya yarda an gafarta masa ba tare da ya biya ba, ba shi da hujjar riƙe wani a zuciya. Wannan ba ya nufin raunin ya warke ko tsoro ya gushe. A yankin Makalondi da kewaye, matsalar tsaro ta raba iyalai da dama da garuruwansu da wuraren ibadarsu.

Sai dai ga mai bi, ko yana gudun hijira a Yamai ko yana ci-rani a Aljeriya inda babu majami'a kusa, ginin ba shi ne ginshiƙi ba. Abin da ya yi imani da shi shi ne, Makiyayin ya san sunansa, kuma duk inda ya kira za a amsa.